Ƙahon Bakano a Bakin Bazazzage

Ni dai a dangi da ofis abu ɗaya aka san ni da shi: iya ciniki. Aikin ma'aikatarmu ya yi ta jefa ni ƙasashe, yau taro a nan, gobe kwas a can, kuma duk inda na sauka, kafin in tambayi alƙibla sai na tambayi kasuwa. Allah Ya yafe mini. Na yi ciniki da Balarabe a Alƙahira har ya saya mini shayi ya ce in rufa masa asiri in tafi. Na taya darduma a Istanbul, mai ita ya dube ni ya ce wai a garinmu ana haihuwar mutane da tausayi kuwa? Saboda haka da maganar sayen tirampet ta taso ban ɗauke ta a bakin komai ba. Ƙarfe ne da rami, me zai gagara?

Tirampet, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙahon nan na Turawa mai maɓallai uku a sama, wanda 'yan badujala ke busawa a fareti. Ni kuwa ko usur ban taɓa busawa ya yi ƙara mai daɗi ba. Ba don kaina na shiga neman sa ba.

Ina da aboki tun muna makarantar kwana. Shi Bazazzage, ni Bakano, to kun san wasan da ke tsakani. Tun da muka haɗu bai taɓa kirana da sunan da aka yanka mini rago ba, sai dai "bawana". Ni kuma Saje nake ce masa, don a muƙamin nan ya tsaya har ya yi ritaya, kuma ba na so ya manta. Duk shekarunsa na aiki a sashen badujala ya yi su, tirampet yake busawa. Ranar da ya ajiye kaki, sai ya ajiye har da ƙahon, don na gwamnati ne. Aka karɓa aka mayar sito, shi kuma ya koma ɗan gidan da ya gina a Kurudu, a gefen Abuja, can inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara.

Wata Asabar na kai masa ziyara, na same shi a baranda yana kallon masarar maƙwabcinsa. Ya miƙe ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Bazazzage ya ga Bakano ya yi masa sannu da zuwa kamar wani baƙon kirki, ai ba lafiya. Na tsokane shi ta nan, na tsokane shi ta can, sai murmushi. Muna hira yatsunsa uku na dama suna ta hawa suna sauka a kan gwiwarsa, bai ma san suna yi ba.

Da zan tafi matarsa ta rako ni bakin get, ta rage murya.

"Alhaji, abokinka fa ciwo yake, kuma ba na asibiti ba ne."

Ta ce wani tsohon abokin aikinsu ya haɗa ƙungiyar masu kiɗa a bukukuwa da tarukan manya a otal-otal, ya nemi Saje ya shigo. Amma kowa da kayan aikinsa yake zuwa, kuma na ƙwararru, ba na wasan yara ba. Sun ce za su riƙe masa gurbin zuwa bayan Sallah, lokacin da biki ke yawa. In bai zo ba su ɗauki wani. Shi kuwa ya ce musu yana tunani.

Na sa hannu a aljihu. Ta ce, "A'a, a'a. Ka manta da ragon nan?"

Ina zan manta! Shekarar da ya yi ritaya, fansho bai fara fitowa ba, na aika masa ragon layya. Ya ɗoro shi a a-daidaita-sahu ya dawo mini da shi har gida, da saƙon cewa ubangida ba ya cin sadakar bawansa. Kuma ya ce wa direban ya karɓi kuɗin mota a wurina.

Abin da ke hannuna a lokacin ragowar alawus ɗin tafiyata ta ƙarshe ce, wadda uwargida ta riga ta raɗa wa suna firji, don namu ya fara nishi. Na zaunar da ita na yi mata bayani. Da na gama ta ce, "Don shi ne, na yafe. Amma in don kai ne, wallahi sai ka riƙa busa wa naman iska da bakinka."

Na duba farashi a waya, na gane inda na tsaya. Sabo na ƙwararru kuɗinsa ya kama hanyar na mota ta hannu. Abin da nake da shi ya fi ƙarfin na 'yan koyo, amma na ƙwararrun ko gaisuwa ba za su yi ba. Ke nan sai na hannu, na hannu kuwa sai da wanda ya san abin. A duk faɗin Abuja mutum ɗaya na sani da ya san tirampet, kuma shi ne mutumin da bai kamata ya san komai ba.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum ya ji dama akwai mai tafa masa. Na kira shi.

"Saje, na yanke shawara. Zan koyi tirampet. Ka zo ka taya ni zaɓe."

Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Da wane bakin? Wanda gurasa ta gama sakewa? Kai bawana, in tsufa ne ya zo maka da hauka, ka sayi tantabaru mana kamar kowa."

Wannan ne zagin farko da na samu daga gare shi cikin watanni. Na ji sanyi a raina.

Muka fara da wani shago a Wuse, inda ake sayar da kayan kiɗan coci da lasifikoki. Ƙahoni na rataye a bango suna walƙiya kamar kayan lefe. A nan na fara ganin ramin da ke cikin dabarata. Na ce masa ni zan koya, shi kuwa mutumin kirki, sai ya duƙufa yana zaɓa mini daidai ni. Ya wuce duk masu tsada, ya ɗauko wani shuɗi, shuɗi fa, kamar bokitin wanka.

"Ga naka. Ko ka jefar da shi bayan sati biyu ba a yi asara ba."

"Ni na ƙwararru nake so."

"Ƙwararre a me?"

"Mutum ai da babban abu yake farawa."

"To bismilla, ƙwararre. Busa mu ji."

Na kafa baki na hura. Da farko iska ce kawai ta fita. Na ƙara ƙarfi har idona ya kawo ruwa, sai wani abu ya fito wanda ba zan kira shi sauti ba. Mai sayar da janareto a shagon kusa ya leƙo ya ga ko nasa ne ya lalace.

Na miƙa wa Saje na ce, "To kai gwada mana, tunda ka iya." Lissafina shi ne in ya busa wannan ya busa wancan, zan gane wanda ransa ya kwanta da shi. Sai ya mayar da hannayensa baya.

"Na ajiye," ya ce. Babu wasa a muryar. Ban ƙara ba.

Na ce sababbin nan sun yi mini tsada, mu je Idu, an ba ni labarin wani ɗan kasuwa da ke buɗe kwantenar kayan tokumbo, wato na hannu daga ƙasar waje. Muka same shi a wani makeken sito mai rufin kwano, tsakanin kekunan yara, injinan motsa jiki, tukwanen lantarki da sandunan wasan da ban san sunansa ba. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ɗan Kudu, da Hausarsa irin ta Abuja wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Oga, ka zo daidai wuri. Kaya ta sauka jiya-jiya. Duk orijinal."

Ya jawo akwatuna ya buɗe a kan wani tebur. Nan na ga Saje ya canza. Ya ɗauki ɗaya ya kara a kunne yana danna maɓallan. Ya zare wani lanƙwasasshen bututu a gefe ya saurara. Ya ɗaga abin sama ya leƙa cikinsa ta wajen haske kamar mai duban ƙwai.

"Bawana, buɗe kunne, ba kullum ake samun karatu kyauta ba. Ba ƙyalli ake saye ba. Maɓalli ya sauka ya taso da kansa, ba gardama. Wannan bututun in ka zare ka ji ya ce ɓul, to iska ba ta zurara. Lotsawa a bakin mai faɗi ba komai ba ce. Amma in ka ga jan ɗigo-ɗigo a bututun da ke kusa da baki, ƙarfen ya fara ruɓa ta ciki, ka gudu."

Ya yi ta turewa gefe har saura biyu. Ɗaya fari tas kamar azurfa, da zanen furanni a jikinsa, yana kwance cikin akwati mai jan karan-miski. Ɗayan kuwa kamar tsohuwar butar mai shayi: fentin ya kwaile, launinsa ya dushe, ga lotsawa a gefe, akwatinsa ma da igiya aka ɗaure.

Ya ɗauki tsohon, ya danna, ya zare, ya leƙa. Ya ce, "Hmm. Wannan dai ga shi nan." Ya ajiye da sauri. Sannan ya ɗauki farin, ya buɗe masa wuta.

"Wannan kuma fa? Amaryar kwalliya! Wanka aka yi masa don a ruɗi ƙauyawa. Ji maɓalli kamar ƙofar gidan haya. Iska na zurara ta ko'ina. Wannan ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da kuɗin mota."

To a nan ne ilimina na kasuwannin duniya ya motsa. Mu da muka tashi a bakin kasuwa mun san ƙa'ida: abin da kake so shi kake kushewa. Ba a yabon kaya a gaban mai shi. In ka ga mutum ya tsaya yana zagin atamfa yana jujjuya ta, to ita zai tafi da ita. Ban da haka ma, wannan mutumin fa shekara da shekaru yana zagina, kuma na san ba shi da aboki kamar ni. A wurinsa zagi ai so ne. Na dubi yadda ya dage a kan farin nan, na ce a raina, Saje, na kama ka.

Ya ce zai fita ya yi alwala. Na ce ni ina da tawa. Yana ba da baya na matsa kusa da mai kaya na fito da duk makamaina. Na taya ƙasa-ƙasa. Na yi kamar zan tafi. Na dafa ƙirji na ambaci kuɗin makarantar yara. Kafin in kai ga rabin dabaruna mutumin ya ce, "Kawo, oga. Allah Ya sa albarka." Da ina da hankali, saurin sallamawar nan kaɗai ya isa ya ba ni tsoro. Ni kuwa sai na ji kaina ya ƙara girma. Na juye masa duk abin da na zo da shi, na kai akwatin mota na ajiye a kujerar baya.

Bayan mun yi salla muka shiga mota. Ban kai ga tayarwa ba ya waiwaya.

"Mene ne wancan?"

"Wanda kake so. Wato, wanda nake so."

"Farin? Inna lillahi! Ba a gabanka na ce ruɓaɓɓe ne ba?"

"Ai na ɗauka kushen ciniki ne."

"Kushen ciniki! Na ce maka iska na zurara, na ce maka maɓalli na maƙalewa, da wane yare kake so in faɗa? Wai kai ne kake zuwa ƙasashen waje da sunanmu?"

"To wancan fa, mai kama da buta?"

Ya juya yana kallon gilashi. Can ya ce, "Wancan ba naka ba ne. Wancan na masu yi ne. Irinsa ban fi ganin biyu ba a duk aikina."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In yaba a gaban mai kaya? Wai ni ne Bakanon ko kai?"

Na kifa kai a sitiyari. Kuɗin sun tafi, Sallah ta ƙarato, ga ni da ƙahon da ko shuɗin nan na Wuse ya fi shi. Na ɗauki akwatin muka koma ciki.

Mai kaya ya tarbe mu da fara'arsa, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai ta ragu.

"Oga, kaya ta fita, ta fita. Amma kai babban mutum ne. Ka busa. In ba ta yi ƙara ba, zan canza."

Na kafa baki na hura da duk baƙin cikin da ke cikina. Abin takaici, ya yi ƙara. Mummuna, amma ƙara ce.

"Ka ji ko? Tana aiki. Matsala ba kaya ba ne, oga, bakinka ne."

Wallahi na rasa ta inda zan musa. Na dubi Saje. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai malam," ya ce wa mai kaya, "wannan da kake gani bawana ne. Wawa ne, na yarda. Amma duk duniya ba mai cutarsa sai ni."

Ya fizge ƙahon daga hannuna, ya goge bakin da gefen rigarsa, ya lashi leɓe, ya ɗora. Sauti ya fito siriri, yana shaƙewa kamar mai mura. Ya hau sama kaɗan, maɓallin tsakiya ya sauka ya ƙi tasowa, sai da ya sa farce ya ɗago shi.

"Ka gani?"

Mai kaya ya ɗaga kafaɗa. "Baba, ba raini ba, wataƙila kai ma ba ka iya ba."

Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri. Abin da na yi ta kewaye-kewaye ban iya ba, shi ya yi da magana ɗaya. Saje ya juya wajen tebur. Ya kwance igiyar tsohon akwatin, ya ɗauko butar shayin nan, ya gyara tsayuwa, ƙafafu a haɗe, ƙirji a gaba.

Busar farko ta tsage, don bakin ya daɗe bai yi aiki ba. Ya tsaya, ya motsa leɓe, ya sake. Wannan karon sautin ya fito a cike, mai kauri, ya tashi ya bugi rufin kwanon ya dawo mana. Wani taken fareti ne da na sha ji ban taɓa kula ba. Masu sauke kaya a bakin kwantena suka tsaya da katifa a ka. Ya hau sama, ya sauko a hankali kamar mai sauka daga bene da jariri, ya riƙe ta ƙarshen har na fara jin nawa numfashin na ƙarewa. Ya sauke ƙahon, ya sunkuyar da kai. Ya yi kamar yana duba maɓalli.

Mai kaya ya yi tafi da gaske. "Kai! Baba, ka yi haƙuri, kai oga ne!" Sannan ya juyo gare ni. "Zan canza. Amma wannan yanzu kuɗinta ya hau."

"Ya hau yaushe?"

"Yanzu-yanzu. Ai duk mun ji."

Na taka wa Saje ƙafa, amma ina amfani, an riga an yi yabon da ya fi na baki. Aljihuna kuwa babu ko na fetur mai kyau. Na tuɓe agogon hannuna, wanda na sayo a Dubai, na kuma sha gaya wa mutanen ofis cewa na ainihi ne, na ajiye a tebur da alfahari. Mutumin ya juya shi, ya kara a kunne.

"Wannan ta China ce, oga. Amma zan karɓa saboda baba."

Saje ya yi dariya har ya dafa injin motsa jiki. Na ɗauke kai. Akwai ranar da mutum ya kamata ya bar magana ta wuce.

Muka kama hanyar Kurudu, muka faɗa go-silon Nyanya. Akwatin na kan cinyarsa, ya rungume shi da hannu biyu, wai kada gargada ta taɓa maɓallan. Duk hanya ina ta saƙa yadda zan yi in bar masa abin ba tare da ya dawo mini da shi a a-daidaita-sahu ba. In ce na manta a motarsa? Ba shi da mota. In ce uwargida ta hana? Zai ce in mayar.

Muna isa ya buɗe ƙofa ya fita da akwatin a hammata, ya nufi get abinsa.

"Malam," na ce, "kayana fa?"

Ya juyo. Ya dube ni, na dube shi. Ya daɗe yana dubana, fiye da yadda wasa ke buƙata.

"Kayanka ne, wa ya ce ba naka ba ne? Amma ba zan bari a kai wannan gidan Bakano a wulaƙanta shi ba. A nan za a ajiye. Ka ce za ka koya ko? To ran Asabar da safe. Kar ka makara."

Wannan ne abin da ban lissafa ba. Ƙaryar da na gina, dole in ci gaba da zama a cikinta, don ranar da na daina zuwa, ajiya ta zama kyauta, kyauta kuwa an san makomarta a gidan nan. Shi ya je wurin masu kiɗan nan tun kafin Sallah, suka ji shi, suka ɗauke shi. Ni kuma duk Asabar da ba na tafiya ina Kurudu, zaune a baranda da furfurata. Har yau bai bar ni na taɓa ƙahon ba. Wani tsohon bakin busa ya ba ni, ɗan guntun ƙarfen nan da ake sawa a leɓe, wai sai na iya shi tukuna. Ina zaune ina ta fuuu, fuuu kamar ƙudan zuma a kwalba, matarsa na kawo mini fate tana kawar da kai don kada in ga dariyarta.

Asabar ɗin da ta wuce bai bari mun yi nisa ba, don motar ƙungiyarsu na jira a bakin titi, suna da biki a cikin gari. Ya fito cikin baƙar kwat da farar riga, takalmi na sheƙi, ya tsaya a kaina da akwatin a hannu.

"Bawana, zan ari kayanka. In ka hana ma ɗauka zan yi."

Na cire ƙarfen daga bakina na ce, "A dawo mini da shi da tsabta."

"Ci gaba," ya ce. "Ban ce ka tsaya ba."